Gani Ya Kori Ji: Kyamara A Hannun Waɗanda Ake Yi Wa Rusau

Kwanakin baya, da sanyin safiya, wani ɗan ƙanen mahaifina da ke sana'ar shayi a wata unguwar bayan gari a ɗaya daga cikin manyan biranen ƙasar nan ya turo mini faifan bidiyo ta wayar salula. Faifan bai cika minti biyu ba. Ƙura ce ta turnuƙe ko'ina, sai bakin katafila yana yaye kwanon rufi kamar mai yaye mayafi, sai wata baiwar Allah da ta gifta a guje da katifa a ka da goyo a baya. Muryar da ake ji tasa ce, tana rawa, yana ta salati yana cewa, "Yaya ka gani, ka ga abin da ake yi mana." Na kalla har sau uku, jikina ya yi sanyi, na tura wa 'yan'uwa, su ma suka tura wa nasu. Kafin azahar faifan ya zaga dangi kaf, kowa ya yi Allah-wadai, kowa ya yi addu'a.

Da yamma na kai shi wurin wani abokina lauya, ina ganin na riƙo hujjar da za ta girgiza kotu. Ya kalla shiru, sannan ya ajiye wayar ya jero mini tambayoyi. Wace unguwa ce wannan? Wace rana ce? Katafilar ta wace hukuma ce, ina lambarta? Su wane ne masu kayan sarkin da ake hangowa can baya-baya? Gidan da ake rushewa na wane ne, kuma shekara nawa ya yi a wurin? Babu amsar ko ɗaya a cikin faifan. Ya ce, "Malam, ɗan'uwanka kukansa kawai ya ɗauka. Idan na kai wannan gaban alƙali, lauyan ɗaya ɓangaren zai ce ai a wata ƙasa aka ɗauke shi shekara biyar da suka wuce, kuma ba ni da bakin musa masa."

Wannan magana ta tsaya mini a rai, ita ce kuma ta sa na koma na bi diddigin yadda wasu talakawan da suka ɗanɗani irin wannan masifa a Legas da Fatakwal suka mai da kyamara abin kare kai. Unguwannin da nake nufi su ne waɗanda hukuma ke kira na 'yan kama-wuri-zauna, a Kano kuma mu ce awon igiya, wato wuraren da jama'a suka gina da guminsu ba tare da tsarin hukuma ko takardar mallakar fili ba. Abin da na lura da shi a duk labaransu shi ne, tun kafin katafila ta iso akwai wani rusau da ake fara yi da baki. Za a ce wurin matattarar ɓarayi ce da masu satar mutane, ko a ce ai babu kowa a ciki sai 'yan tsirarun bukkoki da aka kafa jiya-jiya. Bayan an gama aiki kuma sai a ce ba mu ba ne, gobara ce ta tashi, ko kuwa su ne suka yi faɗa tsakaninsu. Idan wannan rusau na baki ya shiga kunnuwan mutanen gari, to na ƙarfen ba ya ɗaukar fiye da wuni guda, kuma ba mai tambaya.

Mu ɗauki Maroko. A watan Yulin shekarar 1990 gwamnan soja na jihar Legas, Kanar Raji Rasaki, ya ba mazauna wannan unguwa da ke maƙwabtaka da Victoria Island wa'adin kwana bakwai su kwashe nasu-ya-nasu. Da wa'adin ya cika katafiloli suka shiga, aka raba mutanen da aka ƙiyasta sun kai 300,000 da muhallansu a tsakiyar damina, bisa dalilin cewa wurin ƙazanta ce kuma ambaliya na iya cinye shi. Yau wannan fili na cikin mafiya tsada a Legas, ambaliyar kuma ba ta hana a gina benaye a kansa ba. A wancan zamani duk gidajen rediyo da talabijin na ƙasar nan na gwamnati ne, domin sai a shekarar 1992 aka yi dokar da ta ba 'yan kasuwa izinin buɗe nasu, kyamarar bidiyo kuwa sai gidan attajiri ko wurin masu ɗaukar biki. Saboda haka wanda ya yi rusau shi ne ya ba ƙasa labarin rusau da hotonsa. Ko a Abuja tsakanin 2003 da 2007, zamanin ministancin Malam Nasiru el-Rufa'i, lokacin da aka share wurare irin su Chika da Aleita da Idu-Karmo, har ƙungiyoyin kare haƙƙin muhalli suka ƙiyasta cewa mutum sama da 800,000 abin ya shafa, waya mai kyamara ba ta kai hannun talaka ba tukuna. Da yawa daga cikinmu mun ji labarin ne a bakin mai gadinmu ko direbanmu da ya makara zuwa aiki.

Tunanin ba talaka kyamara domin ya kare haƙƙinsa ya samo asali ne daga wani abu da ya faru a Amurka wata takwas bayan Maroko. A ranar 3 ga Maris na shekarar 1991 wani mai gyaran famfo a birnin Los Angeles ya leƙo daga benensa da sabuwar kyamararsa, ya ɗauki 'yan sanda suna lakaɗa wa wani baƙar fata mai suna Rodney King dukan kawo wuƙa. Duniya ta gani. A shekarar 1992 mawaƙin nan na Ingila, Peter Gabriel, da wasu abokan aikinsa suka kafa ƙungiyar WITNESS, wadda aikinta shi ne koya wa mutanen da ake zalunta yadda za su ɗauki bidiyon da zai zama shaida. Amma kada mai karatu ya manta da ɗaya rabin labarin: a watan Afrilun wannan shekara ta 1992 masu taya alƙali yanke hukunci suka wanke 'yan sandan huɗu duk da faifan, birnin ya kama da wuta, mutum fiye da 50 suka halaka, sai a shari'a ta biyu ta kotun tarayya a 1993 aka samu biyu daga cikinsu da laifi. Ke nan tun ranar farko an san cewa faifai ba ya yanke hukunci da kansa.

A ƙasar nan, Fatakwal ce ta fara nuna mini abin da nake nema. Gwamnatin jihar Ribas ƙarƙashin Rotimi Amaechi ta sha alwashin rushe unguwannin bakin ruwa na birnin, waɗanda ƙungiyar Amnesty International ta ce mutum fiye da 200,000 ke zaune a cikinsu. A ranar 28 ga Agustan 2009 aka rushe Njemanze, dubban mutane suka kwana a titi. A ranar 12 ga Oktoba na wannan shekara mutanen unguwar Bundu suka fito zanga-zangar ƙin amincewa, jami'an tsaro suka buɗe wuta, aƙalla mutum 12 suka samu munanan raunukan harsashi. Daga cikin wannan ƙunci ne wani mai shirya fina-finai, Michael Uwemedimo, tare da matasan unguwannin suka kafa wani shiri da suka raɗa wa suna Chicoco. Sunan kansa abin dubawa ne. Chicoco shi ne baƙin taɓon da mutanen wurin ke haƙowa daga fadama su cike ruwa da shi, su mai da shi ƙasar da za a yi gini. Wato suna cewa ne, wannan ƙasar da kuke cewa mun mamaye, da hannunmu muka yi ta.

Suna da wani majigi da ake hura wa iska ya miƙe kamar bango, su kai shi unguwa-unguwa da dare, su nuna wa jama'a fina-finan rusau na nan gida da na wasu ƙasashe, daga bisani kuma fina-finan da matasan suka ɗauka da kansu. Suka buɗe ɗakin shirye-shiryen rediyo, suka koyi aikin jarida da haɗa sauti, suka bi lungu-lungu suna zana taswirar unguwanninsu, domin a taswirar hukuma wuraren ba su da tituna balle sunaye. Taken yekuwar da suka yi tare da Amnesty a wancan lokaci ma'anarsa ita ce "mutane na zaune a nan". Na daɗe ina juya wannan take. A ce wai ɗan ƙasa sai ya buga allo ya ɗauki fim kafin a yarda yana raye a inda yake raye! Shari'ar Bundu kuwa ta kai kotun ECOWAS, wadda a watan Yunin 2014 ta samu gwamnatin Nijeriya da laifin tauye haƙƙin mutanen na yin taro cikin lumana, ta kuma ce a biya su diyyar Naira miliyan 11. Wannan bai hana a rushe Abonnema Wharf a 2012 ba, bai kuma hana katafila komawa bakin ruwan Diobu a farkon 2022 ba.

Inda abin ya fi fitowa fili shi ne Otodo Gbame, wani ƙauyen masunta 'yan ƙabilar Egun da ke bakin tafkin Legas, a yankin Lekki, inda kowane taku na ƙasa ya zama zinariya. A ranar 9 ga Oktoban 2016, bayan an sace ɗalibai da malamai a wata makaranta a yankin Epe, Gwamna Akinwunmi Ambode ya ba da sanarwar cewa cikin kwana bakwai za a rushe duk bukkokin da ke bakin ruwa a jihar, wai nan ne maɓoyar masu satar mutane. Unguwannin suka haɗa kai suka garzaya kotu, tare da tallafin lauyoyin ƙungiyar Justice and Empowerment Initiatives da kuma tarayyar mazauna irin waɗannan unguwanni ta Nijeriya. A ranar 7 ga Nuwamba babbar kotun jihar ta ba da umarnin a dakata. Kwana biyu kacal bayan haka, ranakun 9 da 10 ga wata, wuta da katafila suka cinye mafi yawan Otodo Gbame, mutum kimanin 30,000 suka rasa matsuguni.

Me gwamnatin jihar ta ce? Cewa ta yi babu hannunta, rikici ne ya ɓarke tsakanin Egun da Yarbawa har gobara ta tashi. Da a zamanin Maroko ne, da magana ta ƙare a nan, jaridu su buga, mu karanta mu ce Allah Ya kyauta, waɗannan mutane ba sa zaman lafiya. To amma wannan karon akwai wayoyi a hannun masunta, akwai kuma matasan tarayyar da aka riga aka horar da su ɗaukar hoto da bidiyo da tattara bayanai. Hotunan katafila da 'yan sanda a cikin unguwar suka fita, jami'ar Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da haƙƙin muhalli a lokacin, Leilani Farha, ta nemi gwamnatin Nijeriya ta yi bayani tun cikin watan. Da aka koma a ranar 17 ga Maris na 2017 aka sake rushe abin da mutane suka tattaɓa suka mayar, gwamnati ba ta ƙara cewa ba ita ba ce, sai ta koma kan batun tsaftar muhalli da tsaro. Ni a ganina wannan sauyin harshe shi ne nasarar farko ta kyamara.

Ranar Lahadi 9 ga Afrilun 2017 aka yi na ƙarshe. Da asuba jami'ai suka shigo da harbi da hayaƙi mai sa hawaye, aka cinna wa gidaje wuta, mutane suka faɗa kwalekwalensu suka tsaya a tsakiyar ruwa suna kallon hayaƙin gidajensu. Wani saurayi da harsashi ya sama a wuya ya cika a wannan rana. Hotunan da aka ɗauka daga cikin kwalekwale, na mata da jarirai da tukwane a kan ruwa ba inda za su, su ne suka zaga duniya. Wani abin da ba zan manta ba shi ne, kwana uku bayan haka hukumar EFCC ta gano tsabar kuɗi sama da Dala miliyan 43 a wani gida a Ikoyi, a bakin wannan tafki dai da mutanen ke shawagi a kansa. A ranar 21 ga Yunin 2017 Mai shari'a Onigbanjo ya yanke hukuncin cewa korar mutane daga muhallinsu ba tare da isasshiyar sanarwa da wani matsuguni ba cin mutunci ne da ya saɓa wa sashe na 34 na kundin tsarin mulki, ya umarci gwamnati ta zauna da su ta sake tsugunar da su. A watan Nuwamba kuma Amnesty ta fitar da rahoton da ta haɗa da bayanan shaidu da bidiyo da hotunan tauraron ɗan'adam, inda ta ce aƙalla mutum 11 sun mutu, 17 sun ɓata, a korar da aka yi a Otodo Gbame da Ilubirin.

To, a nan ne mai karatu zai ce, ina amfanin baɗi ba rai? Tambaya ce mai nauyi, kuma ba zan kauce mata ba. Mutanen Otodo Gbame ba su koma ba. An cike wurin da yashi, rukunin gidajen alfarma ya tashi a kai, su kuma suka warwatsu cikin wasu unguwannin bakin ruwa suna raɓe da dangi. A watan Janairun 2020 sojojin ruwa suka kori mutanen Tarkwa Bay da harbi a sama bisa zargin fasa bututun mai, kyamarori na kallo. Duk wanda ya ce maka waya za ta tsayar da katafila yaudararka yake yi. Abin da ta yi dai shi ne, ta hana a ce ba a yi ba, ta hana a ce ba kowa a wurin, ta ba lauya abin riƙewa, ta kuma sa duk gwamnan da zai ba da irin wannan umarni ya san cewa akwai farashin da zai biya a idon duniya da na masu ba da rance. Ga mutumin da Dokar Amfani da Filaye ta 1978 ta riga ta danƙa ƙasar da yake kai a hannun gwamna, kuma ba shi da satifiket, wannan ba ƙaramin abu ba ne, ko da yake bai kai ɗaki da rufi ba.

Akwai kuma wani amfani da ban yi tsammaninsa ba. Wasu daga cikin matasan da suka koyi riƙe kyamara a wannan gwagwarmaya sun haɗu da wasu ƙwararru suka kafa gungun masu shirya fim mai suna Agbajowo, mutum bakwai suka ba da umarni tare, suka yi fim mai tsawo da ake kira The Legend of the Vagabond Queen of Lagos. Labarin wata matashiyar uwa ce mai suna Jawu, mazauniyar bakin ruwa, da ta ci karo da kuɗin da wani ɗan siyasa ya binne, a daidai lokacin da ake shirin rushe unguwarsu. An fara nuna shi a bikin fina-finai na Toronto a ƙasar Kanada a watan Satumban 2024. Waɗanda aka kira ɓarayi a 2016, bayan shekara takwas su ne ke tsaye a gaban 'yan kallo suna ba da labarin birninsu yadda suka ga dama. Ko a Kenya haka abin yake: matasan Kibera da ke Nairobi sun fara da zana taswirar unguwarsu a 2009, a 2010 suka kafa tashar labaransu ta bidiyo, domin sun gaji da 'yan jaridar da ba sa shigowa sai an yi gobara ko tarzoma.

Da na koma wurin abokina lauya da waɗannan labarai, sai ya ce abin da ake koya wa irin waɗannan matasa ba wani sihiri ba ne. Mai ɗauka ya fara da faɗin rana da lokaci da sunan wurin, ya nuno wata alama da ba za a iya musu a kanta ba, kamar allon makaranta ko hasumiyar masallaci ko gadar da kowa ya sani. Ya riƙe wayar da kyau ya daina lilo da ita, ya nuno lambar mota da rubutun da ke jikinta, ya bar kyamara ta yi ta aiki ba tare da yankewa ba, ya kuma kame bakinsa daga zagi, domin zagin shi lauyan hukuma zai kama ya bar hoton. Sannan ya adana ainihin faifan a wayar da ta ɗauka, saboda WhatsApp na matse bidiyo ya zubar da bayanan da ke ɓoye a jikinsa na lokaci da irin na'ura. Sashe na 84 na Dokar Shaida ta 2011 ya yarda a karɓi irin wannan a kotu, amma da sharaɗin a zo da bayanin na'urar da ta samar da shi da wanda ya sarrafa ta. Mafi muhimmanci, in ji shi, shi ne faifan da aka ɗauka tun babu ko ƙurar katafila: tsohuwar da za ta zauna ta faɗi shekarar da aka kawo ta aure unguwar, kabarin kakanni, rasidin harajin da ƙaramar hukuma ta karɓa, akwatin zaɓen da ake kawowa kowace shekara huɗu. Ya yi dariya ya ce ai unguwa ba ta zama haramtacciya sai an gama ƙirga ƙuri'unta.

Wani hanzari ba gudu ba, wannan aiki yana da nasa haɗarin, kuma ban ga amfanin ɓoye shi ba. Wanda ya ɗaga waya a gaban mai bindiga ransa ya ɗora a faranti. Fuskar da ka nuna domin a tausaya mata, ita ce gobe za a bi a kama. Mun ga yadda aka yi ta amfani da sashe na 24 na dokar laifukan intanet ta 2015 wajen tsare masu wallafa abin da bai yi wa manya daɗi ba, kafin a yi masa gyara a 2024. Akwai kuma abin da ya fi damuna ni kaina, wato mai da talaucin mutane abin kallo. Sau nawa muka ga an haska fuskar mace tana kuka, ɗankwalinta ya zame, ɗakinta a buɗe, ba wanda ya nemi izininta, don kawai wani ya tara mabiya ko wata ƙungiya ta cika rahoton da za ta aika wa masu ba ta kuɗi? Bambancin Chicoco da Agbajowo da irin wannan shi ne mai ɗaukar hoton ɗan unguwa ne, gobe zai haɗu da matar a bakin rijiya. Yau kuma da na'ura ke iya ƙera bidiyon ƙarya, mai laifi ya samu sabuwar mafaka, zai ce na gaskiyar ma ƙirƙira ce, abin da ya ƙara wa batun adana ainihin faifai nauyi.

Ba kuma cewa nake kowane gini a bar shi a inda yake ba. Akwai gidajen da ke kan magudanar ruwa da ƙarƙashin manyan wayoyin lantarki, waɗanda barinsu ganganci ne da rayukan masu su. Hukuncin Mai shari'a Onigbanjo ma bai ce kada a taɓa tayar da kowa ba. Cewa ya yi a sanar, a zauna a tattauna, a nuna wa mutum inda zai koma. Wannan shi ne abin da ake gudu, domin yana cin kuɗi da lokaci, kuma yana tilasta wa jami'i ya kalli idon wanda zai kora.

Yanzu bari in juyo gida. Babu yankin da ya kai mu sabawa da bidiyo a ƙasar nan. Tun da ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar da Turmin Danya a Kano a 1990, shekarar da aka rushe Maroko, muke da masu ɗaukar hoto da masu tace shi da masu haɗa sauti, yau sun kai dubbai, ban da yaran da ke kwana a TikTok. Amma nawa ne daga cikin wannan ƙwarewa ta taɓa shiga Kurna ko Rimin Kebe ko Ɗorayi domin ta nuna yadda ake fita da mai naƙuda a lungun da mota ba ta shiga, ko yadda ruwan sama na awa guda ke mai da tsakar gida kududdufi? 'Yan'uwanmu na kasuwar Alaba Rago a Legas an ba su wa'adin kwana 14 a watan Mayun 2022, mutanen Ruga a Abuja sun ga katafila a Nuwamban 2024, kuma mafi yawan abin da ya iso mana daga gare su irin faifan ɗan'uwana ne, ƙura da salati. Mu da muke karanta wannan shafi, cikinmu akwai lauyoyi da malaman aikin jarida da masu tsara birane, wasunmu ma su ne ke sa hannu a takardar rusau, wasu kuma su ne ke sayen filin bayan an share. Ban ga abin da zai hana sashen koyar da aikin jarida na wata jami'a ya ware Asabar biyu ya zauna da matasan unguwar da ke bayan katangarsa ba. Ba a buƙatar ko sisin Turawa a wannan, wayoyin suna aljihunsu.

Ɗan'uwan nawa yanzu ya koma wata unguwar, ita ma awon igiya, ya kafa teburinsa a gindin wata bishiyar darbejiya. Na karanta masa tambayoyin lauya ɗaya bayan ɗaya ta waya, ya yi shiru, sannan ya ce, "Yaya, ai ranar ko sunana aka tambaye ni ba zan iya faɗa ba." Na ce na sani, shi ya sa ba ranar ake jira ba. A makon jiya ya turo mini sabon faifai na minti goma sha ɗaya. Ya fara da faɗin rana da wata, ya nuno allon Islamiyyar unguwar da shekarar da aka kafa ta a rubuce a jiki, ya bi ta gaban injin niƙa da rijiyar burtsatsen da jama'a suka yi karo-karo suka haƙa, sannan ya zauna gaban wani dattijo da ya ce shi ne na uku da ya fara gini a wurin. Dattijon ya sa an ɗauko masa wata tsohuwar jakar leda, yana zaro rasidai ɗaya bayan ɗaya yana miƙa wa kyamara, yana cewa, "Matso da ita yaro, a ga hatimin da kyau."